Indomin Salansa da Takardar Mallakar Ƙirƙira: Jagora ga Masu Walda da Makanikan Kudancin Kano

Motar da ta taso daga Kano za ta Jos ta dajin Falgore, a Kwanar Dangora take rabuwa da titin Zariya, ta miƙe ta Tudun Wada da Doguwa. Duk mai walda ko bakanike da ke neman abincinsa a bakin wannan hanya, ko a cikin Yako da Kiru da Bebeji, ya san indomi, dunƙulen nan mai dubban ramuka irin na saƙar zuma da ke zaune cikin tulun salansa. Abin da aka fi yi masa a garejinmu shi ne cirewa. Ya toshe, mota ta daina ja, sai a yanka tulun a zazzage shi, masu saye su zo su biya, a mayar wa mai mota da bututu fanko yana tafe yana turnuƙe jama'a. Wani lokacin ma ɓarawo ne zai kutsa ƙarƙashin motar da tsakar dare ya yanke.

Amma mai hannu da kai ba ya rasa tunani. Tunda abin nan yana wanke hayaƙin mota, me zai hana ya wanke na janareta, ko na injin ban ruwa da manoman rani ke tayarwa a ƙasan madatsar Tiga, ko na Adaidaita Sahu? Duk wanda ya kai ga gwadawa kuma, tambaya ɗaya ce ke biyo baya: in abin ya yi, akwai takardar da za ta hana wani ya kwaikwaya ya ci gumina?

Akwai ta. Ita ce takardar mallakar ƙirƙira, kuma samunta a Najeriya ba shi da wuya. Abin da ke da wuya shi ne samun wadda za ta iya tsayuwa gaban alƙali ranar da aka ja da kai. Wannan aiki a wuyanka yake, ba a wuyan hukuma ba, kuma mafi yawansa tun kafin a je Abuja ake yin sa.

Abin da ke cikin tulun

Ba ka iya cewa ka zo da sabo sai ka san tsohon. Injin fetur yana fitar da guba iri uku da suka fi damun likitoci: iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ba ta da launi, ita ce mai kashe iyali a cikin barci idan an kwana da janareta a rufaffen wuri, sai ragowar fetur da bai gama ƙonewa ba, sai oksaid na naitirojin, mai cin huhu. Indomi yumɓu ne da aka gasa, galibi ramuka 400 a kowane inci murabba'i, aka shafe cikin ramukan da wani gari mai kama da alli, a cikin garin kuma aka watsa 'yan giram kaɗan na ƙarafa uku masu tsada: filatinam, faladiyam da rodiyam. Su ba sa ƙonewa, ba sa ƙarewa. Aikinsu kawai su sa gubar ta sauya da sauri idan ta gifta ta kansu, ta koma kabon dayoksaid da tururin ruwa da naitirojin. Waɗannan ƙarafa ne masu saye ke bi, ba yumɓun ba. Mafi yawan filatinam da rodiyam na duniya daga Afirka ta Kudu ake haƙo su, kuma a watan Maris na 2021 farashin rodiyam ya kusa dala 30,000 kowace oza. Lokacin ne satar salansa ta yi ƙamari a ƙasashe da yawa.

Abu biyu ne za ka riƙe, domin a kansu gwajin mutane da yawa ke faɗuwa. Na farko zafi: indomi ba ya fara aiki sai ya kai wajen digiri 250 zuwa 300, shi ya sa ake ɗaura shi kusa da inji. Na biyu daidaiton iska da mai: don ya ci gubar nan uku a lokaci guda, sai injin ya riƙa shan kimanin kashi 14.7 na iska a kan kashi 1 na fetur, kuma sensar da ke gaban tulun ce ke gaya wa kwamfutar mota ta gyara. Injin ban ruwa da ƙaramin janareta kabireta gare su, ba sensa ba kwamfuta, kuma galibi mai ya fi yawa a haɗinsu. Idan ka liƙa musu indomin mota yadda yake, iskar da zai ƙona gubar da ita ba ta isa ba. In kuwa ka ba shi iska ya kama aiki, zai yi zafin da zai iya cinna wa busasshen kara wuta a gona. Ƙaramin janareta mai shan fetur gauraye da baƙin mai shi kuma da wuri yake dasƙarar da ramukan.

Waɗannan matsaloli ba abin karya gwiwa ba ne. A cikinsu ne ma ƙirƙira take.

Wa ya riga ka?

Eugene Houdry, injiniya ɗan Faransa da ya koma Amurka, ya karɓi takardar mallaka a kan irin wannan na'ura a 1956. Ba ta yi kasuwa ba a rayuwarsa, saboda fetur na wancan zamani da darma a cikinsa, darma kuwa tana kashe indomi cikin ɗan lokaci. Ya rasu a 1962. Wa'adin takardarsa na shekara 17, kamar yadda dokar Amurka take a lokacin, ya cika a 1973, sai ga motocin samfurin 1975 sun fito da na'urar a jikinsu saboda dokar tsaftace iska ta 1970 ta tilasta wa kamfanoni. Wanda ya fara bai ci ribar ba.

Dubi waɗanda suka ci. A kamfanin Corning, Rodney Bagley da Irwin Lachman da Ronald Lewis ba su ce su suka ƙago wanke hayaƙi ba. Bagley ya samu takarda a 1974 a kan hanyar matso kwaɓaɓɓen yumɓu ta cikin wani ƙarfe mai tsagogi har ya fito da siffar saƙar zuma mai siraran bango. Abokansa biyu suka yi aiki a kan haɗin yumɓun da zai jure zafi da sanyi ba tare da ya tsage ba (cikin kayan haɗin akwai farin yumɓu irin wanda ake haƙa a Ƙanƙara ta jihar Katsina). A kamfanin Engelhard, Carl Keith da John Mooney suka gano yadda tulu ɗaya zai ci gubar nan uku tare, Volvo ta Suwidin ta fara saka shi a mota da sensar Bosch a samfurin 1977. Kowannensu ɗan yanki ya kama, ya riƙe shi da kyau.

Darasi biyu ke nan gare ka. Kada ka ɓata kuɗinka kana neman mallakar “na'urar wanke hayaƙi”. Wannan ƙofa ta rufe tun kafin a haifi yawancinmu. Na biyun kuwa albishir ne da ba kowa ya sani ba: duk waɗancan takardu wa'adinsu ya ƙare, abin da ke cikinsu ya zama na kowa. Haka kuma takardar mallaka a ƙasar da aka ba da ita kaɗai take da ƙarfi. Abin da aka yi wa rajista a Japan ko Jamus ba a yi masa a Najeriya ba, kana iya ƙera shi a Tudun Wada ka sayar a Kano ba wanda zai tuhume ka. Ba za ka iya mallakarsa ba, tunda ba kai ka ƙago ba, amma kana iya cin abinci da shi. A ganina, ga yawancin masu walda, wannan ya fi takardar kanta amfani.

Sharuɗɗan doka

Dokar da ke aiki ita ce Dokar Mallakar Ƙirƙira da Zane ta 1970, wadda take babi na P2 a kundin dokokin tarayya na 2004. Sashenta na farko ya gindaya sharaɗi uku: abin ya zama sabo, ya zama ya fito daga tunani na ƙirƙira, kuma a iya ƙera shi ko a yi aiki da shi a masana'anta, har da noma. Dokar ta yarda da gyara a kan ƙirƙirar wani, muddin gyaran da kansa ya cika sharuɗɗan nan. Ta nan ne kai za ka shiga.

Sharaɗi na uku ba ya ba mai walda wahala. Abin da hannu ya ƙera, hannu zai sake ƙerawa. Na biyu ne ake gardama a kansa. Ma'anarsa, idan aka ɗauki gwanin bakanike wanda ya san duk abin da aka taɓa yi a fannin, aka ajiye masa matsalar a gabansa, zai ce “ai wannan a fili yake”? In zai faɗi haka, babu ƙirƙira. Rage girman tulun mota don ya shiga janareta, a fili yake. Canja baƙin ƙarfe da wanda ba ya tsatsa, a fili yake. Amma idan ka samo yadda bugun hayaƙin injin da kansa zai riƙa zuƙo iska daidai gwargwado ta wata siffar bututu da ba a saba ba, kuma awo ya nuna gubar ta ragu fiye da yadda gwani zai zata, to ka fara magana.

Sharaɗin farko shi ne mai kisa. “Sabo” a dokar nan ba yana nufin sabo a Kiru ba, ko a Kano, ko a Najeriya. Duk abin da jama'a suka taɓa samun labarinsa a ko'ina a duniya, a kowane zamani, a rubuce ko da baki ko ta hanyar amfani da shi, kafin ranar da ka shigar da takardarka, ya daina zama sabo. Har da abin da kai da kanka ka nuna.

Kama bakinka

Nan ne na fi jin tausayin masu fasaharmu. Mutum ya ƙera abu, murna ta kama shi, ya ɗauki bidiyo ya ɗora a Facebook ko TikTok, ya buɗe cikin na'urar yana bayani dalla-dalla, 'yan jarida su zo, a kai shi gidan rediyo. Da wannan bidiyo kaɗai lauyan abokin hamayya zai rusa takardarsa bayan shekara biyar. Sayar da guda ɗaya ranar kasuwa ma bayyanawa ce. Sassaucin da dokar ta yi ɗan kaɗan ne: idan a baje kolin ƙasa da ƙasa da hukuma ta amince da shi ka nuna, kana da wata shida ka shigar. Bikin nuna fasaha na makaranta ko na ƙaramar hukuma, kada ka dogara da shi.

Ba a ce ka yi aiki kai kaɗai ba. Wanda duk za ka nuna wa, ko malamin jami'a ne ko mai kuɗin da kake so ya zuba jari, ku rubuta 'yar yarjejeniya cewa abin sirri ne, ya sa hannu, shaidu su sa. Mutanenmu na jin nauyin wannan. Wai kamar ka nuna ba ka yarda da Alhaji ba. Ka gaya masa cikin ladabi cewa ba don shi ba ne, doka ce ke neman shaidar cewa abin bai fita fili ba. Gaskiya ce kuma.

Ka sayi littafi mai ɗinki, wanda ba a cire masa shafi, kana rubuta kwanan wata da zane da abin da ka gwada, da Hausa ko da ajami, duk ɗaya. A Najeriya wanda ya riga shigar da takarda shi doka ke ba haƙƙi, ba wanda ya riga tunani ba. Sai dai dokar ta ce idan wani ya ɗauki jigon ƙirƙirarka ba da izininka ba ya je ya shigar, haƙƙin naka ne. Ranar da za ka tabbatar da haka, littafin nan ne bakinka.

Akwai kuma maganar maigida da yaronsa, wadda gara a yi ta tun ana dariya. Abin da ma'aikaci ya ƙago a bakin aikin da aka ɗauke shi, doka ta ba wanda ya ɗauke shi, ko da yake ta tanadar wa ma'aikacin lada a wasu halaye, kuma sunansa na ainihin mai ƙirƙira ba ya gogewa. Haka tsarin yake a manyan kamfanoni: Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato, shi ya zana siffar Chevrolet Volt, amma motar ta General Motors ce. Wanda ya riƙe maka ƙarfe ko ya yi maka walda bisa umarninka bai zama mai ƙirƙira ba. Wanda ya kawo dabarar da ta warware matsalar kuwa ya zama, ko da yaron shago ne, kuma hana shi zalunci ne.

Bincike

Ofishin rajista ba zai yi maka bincike ba, don haka kai za ka yi. Da wayar hannu da data ana yi, kyauta: Google Patents, da Espacenet ta ofishin Turai, da Patentscope ta hukumar WIPO da ke Janeba. In Turanci ya yi maka nauyi, nemi ɗalibin injiniya daga cikin 'yan uwa ku zauna tare. Zane-zanen cikin takardun ba sa bukatar tafinta ga mai walda. Kallo ɗaya za ka yi ka gane.

Kada ku tsaya kan kalmomi kawai, domin kowane kamfani da yadda yake kiran abinsa. Akwai lambobin rukuni da duniya ta yarda da su. F01N 3 shi ne rukunin na'urorin tsaftace hayaƙin inji, F01N 3/28 kuma ginin tulun kansa. B01D 53/94 na hanyoyin wanke hayaƙin inji da sinadari. B01J na sinadaran. Ku haɗa lambar da kalmar ƙaramin inji, ko babur, ko janareta. Za ka sha mamaki. Shigar da ƙarin iska ta bawul mai harshe, kamfanonin babur sun daɗe da yi. Garkuwar ƙarfe da igiyar waya don hana ɓarawo yanka, akwai su birjik. Indomin da aka yi da naɗaɗɗen ƙarfe maimakon yumɓu don ya jure jijjiga, shi ma tsohon labari ne.

Kada ranka ya ɓaci in ka ga naka a ciki. Ware takardu biyar ko shida da suka fi kusa da naka, ka rubuta a littafinka: wannan yana da kaza, nawa ba shi da shi, nawa yana da kaza, wannan ba shi da shi. Abin da ya rage bayan ka tankaɗe, shi ne naka. In babu abin da ya rage, ka tsira da kuɗin lauya, ka kuma samu zanen ƙwararru kyauta.

Inda nake ganin sauran fili shi ne inda manyan kamfanoni ba su damu ba: ƙurar hunturu, hanya mai ramuka da ke fasa yumɓu, inji tsoho mai cin baƙin mai, fetur mai farar wuta da yawa, da bukatar tulun da za a kwance a wanke a mayar da sifana kawai. Sai kuma injinan da ake mayarwa kan gas na CNG tun bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023; iskar misen da ke tsira daga irin wannan inji ta fi fetur taurin ƙonewa a kan indomi, tana son zafi mai yawa. Bukata kuwa tana nan tafe: hukumar NESREA tana da ƙa'idojin hayaƙin ababen hawa tun 2011, ECOWAS kuma ta amince da mizanin Euro 4 a 2020. Darmar da ta kayar da Houdry an daina zuba ta a fetur. Aljeriya ce ta ƙarshe, a 2021.

Awo

Hanci ba ma'auni ba ne, kabon monoksaid ba ta wari. Sai ka nemi na'urar auna hayaƙi, mai nuna kason kabon monoksaid da yawan ɗanyen fetur. Sashen injiniyan inji na Jami'ar Bayero ko na jami'ar kimiyya da fasaha ta Wudil, nan zan fara tambaya. A auna inji ɗaya ba na'urarka, a sake aunawa da ita. Yana sanyi, yana zafi. Yana sulo, yana jan ruwa. A auna zafin jikin tulun, da man da injin ya sha, da ko ƙarfinsa ya ragu, domin manomi ba zai sayi abin da zai shaƙe masa inji ba. Sa'annan a bar shi ya yi aiki na awanni masu yawa a sake aunawa. Indomi sabo kowa zai yi kyau. Wanda ya yi rani guda ne abin dubawa.

A yi gwajin a fili, ba a ɗaki ba. A rufe hanci lokacin yanka yumɓu da zaren da ke naɗe da shi. Indomin gwaji kuma a saye shi wurin wanda aka sani, a Ƙofar Ruwa ko a garejin da ya ciro shi da sanin mai mota, a karɓi rasit. Wata magana kuma da ba na so a yi wasa da ita: ko awo ya nuna gubar ta ragu ƙwarai, kada ka taɓa gaya wa kowa cewa yanzu yana iya kwana da janareta a cikin gida. Indomi yana mutuwa ba sanarwa.

Rubutun takarda

Takardar da Turanci ake shigar da ita, kuma a kan ƙirƙira ɗaya tak. Tana ɗauke da cikakken suna da adireshi, da bayanin na'urar, da zane-zane, da jerin da'awa. Bayanin dole ya cika yadda gwani a fannin zai karanta ya ƙera ba sai ya tambaye ka ba. Cinikin ke nan: ka buɗe wa duniya sirrinka, hukuma ta ba ka shekara 20 kai kaɗai. Wanda ya ɓoye gishirin dabarar ya ba da hujjar soke takardarsa da hannunsa.

Da'awa ita ce iyakar gonarka. Ka faɗaɗa ta ka shiga ta maƙwabci, a rushe. Ka matse ta da yawa, wani ya yi shuka dab da kunyarka ba ka da ta cewa. Ga ƙagaggen misali kawai don a gane. Da'awa mai rauni: “na'urar rage hayaƙin injin ban ruwa mai ɗauke da indomi.” Takardar farko da aka binciko za ta kashe ta. Mai ƙarfi za ta ce: tulu ne mai gida biyu, gidan ciki yana riƙe da indomi, ana zare shi ta murfi mai noti, tsakanin gidajen akwai rata da iskar waje ke bi ta ɗauki zafi kafin ta haɗu da hayaƙi a wani matsattsen wuya da ke gaban indomin. Daga nan sai ƙananan da'awoyi su biyo, kowace tana ƙara abu guda: faɗin ratar, kwanar bututun, ragar tare tartsatsi. Amfaninsu, idan kotu ta kayar da babbar, ƙananan na iya tsira. Lambobin awonka su shiga cikin bayanin, su ne hujjar cewa abin ba a fili yake ba.

Kai ne ka san ƙarfen, amma rubutun da'awa sana'a ce daban. Nemi lauyan da ya taɓa rubutawa, ka ce ya nuna maka wadda ya yi. Kuɗin hukuma daban, ladansa daban. Ya rubuta maka su a rarrabe.

Abuja, da abin da ke bayanta

Ofishin rajistar tambarin kasuwanci da ƙirƙira da zane yana ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari ta tarayya a Abuja, kuma ana iya shigarwa ta hannun wakili idan ka ba shi takardar wakilci. Kafin ka kashe kuɗi, tuntuɓi hukumar NOTAP, wadda aka kafa a 1979. Tana taimaka wa 'yan ƙasa masu ƙirƙira wajen shirya takardu da shigar da su, ta kuma buɗe ofisoshi a jami'o'i da kwalejoji da dama. Ranar da aka karɓi takardarka, adana shaidar. Daga ranar ake ƙirga komai, kuma daga ranar kana iya buɗe baki.

Magatakardan ofishin yana duba ko takardu sun cika ne kawai. Ba ya duba ko abin sabo ne, ba ya duba ko akwai ƙirƙira. Sashe na 4 ya faɗa ƙarara cewa ana ba da takardar ne bisa kasadar mai ita, ba tare da lamunin ingancinta ba. Saboda haka satifiket mai hatimi da za ka rataya a shago bai tabbatar da komai ba tukuna. Babbar Kotun Tarayya, wadda take da reshe a Kano, ita ke da ikon soke shi idan wani ya kawo hujja, ita ce kuma za ka je idan an kwaikwaye ka. 'Yan sanda ba sa bin maka wannan haƙƙi. Kai za ka ɗauki lauya. Wanda kuma ya riga ka ƙera abin da zuciya ɗaya a Najeriya kafin ranar shigarwarka, doka ta bar shi ya ci gaba.

Akwai kuɗin shekara-shekara. In ba a biya ba, bayan rangwamen wata shida da tara, takardar ta mutu. In kuma ka karɓa ka ajiye ba ka ƙera komai, bayan shekara huɗu da shigarwa ko uku da bayarwa, wanda ya fi nisa, wani na iya roƙon kotu ta ba shi izinin ƙerawa ko ba ka so.

Kasuwar Kano ba ta tsaya a iyaka ba, amma takardarka ta tsaya. Nijar tana cikin ƙungiyar OAPI mai hedkwata a Yawunde ta Kamaru, inda rajista ɗaya ke rufe ƙasashe 17, har da Chadi da Binin. Najeriya ba ta ciki. In kana hangen Maraɗi da Damagaram, wata 12 gare ka daga ranar shigarwarka ta Abuja ka shigar a can da riƙon wannan ranar. Yarjejeniyar PCT, wadda Najeriya ta shiga a 2005, tana tsawaita lokacin zaɓen ƙasashe zuwa wata 30, sai dai kuɗinta ba na shagon walda ba ne sai da mai jari.

Ba kowace dabara ce ta cancanci wannan doguwar hanya ba. Abin da ba a gane shi ko an buɗe na'urar, kamar haɗin ruwan da kake wanke indomi da shi, riƙe shi sirri ya fi. Siffar murfi da ka ƙawata don mai saye ya gane naka daga nesa, rajistar zane ce tata, shekara 5 ana sabuntawa sau biyu, amma ba ta kare siffar da aiki kaɗai ya tilasta. Sunan da kake bugawa a jikin tulun kuma rajistar tambari yake so, shekara 7 da farko, daga nan 14 bi da bi.

In takardar ta fito kuma shagonka ba zai iya ƙera ɗari a wata ba, ba dole ka sayar da ita ɗungurungum ba. Kana iya ba wata masana'anta a Sharaɗa ko Bompai lasisi a rubuce, a yi masa rajista a ofishin Abuja. A fayyace ko ita kaɗai ce ko kana iya ba wasu, nawa ne rabonka a kowane tulu, wa zai riƙa biyan kuɗin shekara, wa zai ɗauki nauyin shari'a in an kwaikwaya, da mafi ƙarancin adadin da za ta ƙera a shekara, wanda in ta gaza lasisin ya dawo hannunka.